Babi na Shida: Numfashin Inji da Shan Mai

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare, litar fetur kuwa ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, kafin daga bisani ta haura 1,000 a garuruwa da yawa, babu wata magana da ta fi samun masu saurare a tashoshin mota da garejin kanikawa kamar maganar abin da zai rage wa mota shan mai. Wannan ba sabon al'amari ba ne a duniya, domin duk inda tsada ta matsa wa jama'a, nan masu sayar da magani suke yawaita. Haka ya faru a Amurka bayan 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka riƙe mansu, inda kasuwa ta cika da ƙananan na'urori iri-iri, kowace ana rantsuwa a kanta cewa tana rage shan mai, har hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ɗauki sama da 100 daga cikinsu ta bincika, ba ta samu ko guda da ta cika alkawarinta ta fuskar da za a kira amfani ba.

Daga cikin kayan da ake yi wa wannan da'awa, wanda ya fi kowanne cancantar a tsaya a dube shi da idon adalci shi ne matatar iska mai saurin zuƙa, saboda ita ba yaudara ce tsagwaronta ba, abu ne na gaske da ke yin wani aiki na gaske. Matatar da kamfani ke sako wa mota takarda ce mai kauri da aka nannaɗe ninki-ninki aka sa cikin akwati. Ita mai saurin zuƙa kuwa 'yan shimfiɗu ne na yadin auduga mai shara-shara, an matse su tsakanin ragar waya biyu, an shafe su da wani mai na musamman, galibi ja, don ƙura ta manne. Mai sayarwa zai ɗaga ta sama ya nuna maka yadda haske ke ratsa ta, ya ce, "Alhaji, ai motar nan taka numfashi take nema. Sa mata wannan, ka ga yadda za ta sake, man da kake sha a kwana biyu ya kai ka uku." Zahirin maganar kuwa yana da kyau, domin kowa ya san wuta ba ta ci sai da iska. Sai dai ƙa'ida ce sananniya wajen alƙalai cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, saboda haka kafin mu yanke hukunci, wajibi ne mu bi iskar nan tun daga bakin mota har cikin silinda, mu ga inda ake tare ta da wanda ke tare ta.

Injin fetur, idan ana son ya ƙone mansa ƙurmus ba tare da saura ba, yana bukatar iska mai nauyin kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na fetur. Da yake iska aba ce marar nauyi, wannan lissafi yana nufin cewa duk litar fetur guda da direba ya saya, sai inji ya zuƙi iska kimanin lita 9,000 kafin ya gama da ita, kuma ilahirin wannan iska ta cikin matatar nan take wucewa. Wanda ya ji wannan adadi zai ce lalle mai sayarwa yana da gaskiya, tun da hanyar da irin wannan taro ke bi ta cancanci a faɗaɗa ta. Amma akwai abin da mai sayarwa bai faɗa ba, ko don bai sani ba ko don faɗarsa ba ta da riba, wato cewa a bayan matatar, kafin iska ta kai ga inji, akwai wani zagayayyen faifai na ƙarfe da ke juyawa a cikin bututu, wanda aka haɗa shi da totur ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar direba, kuma aikinsa guda ɗaya tak, shi ne hana iska shiga.

Ka ƙaddara, ya kai mai karatu, gida ne na wani attajiri mai faffaɗar ƙofar waje, wadda mutum goma za su shiga kafaɗa da kafaɗa, amma a cikin zaure akwai ƙyaure da mai gadi riƙe da shi, ba ya buɗewa sai gwargwadon yadda maigida ya umarta, yawancin yini kuwa umarnin shi ne a bar mutum ɗaya-ɗaya. Idan aka rushe ƙofar waje aka mai da ita ta mutum ashirin, masu isa wajen maigida ba za su ƙaru ko da mutum ɗaya ba. Injin fetur an gina shi ne a kan a riƙa shaƙe shi da gangan, domin ta hanyar rage masa iska ne ake rage masa ƙarfi, in ba haka ba da zarar an tayar da shi sai ya yi ta gudu iyakar ƙarfinsa. Motar da ke tafiya a natse a kan hanyar Kano zuwa Zariya, faifan nan a ɗan buɗe kawai yake, har matsin iskar da ke bayansa yakan sauko zuwa kusan rabin na sarari, alhali kuwa tarewar da tsabtatacciyar matatar takarda ke yi ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ko da an take totur har ƙasa, a tafiyar natsuwa kuma ba ta kai ko haka ba. To, idan aka sa matatar da ta fi sakin iska, abin da zai faru shi ne direba, ba tare da ya sani ba, zai ɗan ɗaga ƙafarsa kaɗan don ya tsaya a kan gudun da yake so, faifan ya ƙara rufewa, ya mayar da tarewar da aka cire. Iskar da ta shiga inji ita ce dai ta jiya, wahalar da fistin ya sha wajen jawo ta ita ce ta jiya, man da aka ƙone ma haka.

Wannan shi ne asalin hukuncin, amma mas'alar tana da tafsili, domin kalmar tsohuwar mota ta tattara jinsi biyu da ba su yi kama da juna ba wajen yadda suke auna mai. Akwai masu kafireto, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, aka kuma ci gaba da fitar da 504 ɗin a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru fiye da ashirin bayan Faransa ta daina yin ta, da Datsun da Volkswagen da tsofaffin bas-bas na haya da har yanzu suke zirga-zirga tsakanin kasuwannin ƙauye. Akwai kuma masu injekta, waɗanda kwamfuta ke auna musu mai. Asalin wannan tsari na biyu, a siffarsa da ta game duniya, yana komawa ga 1976, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a bututun hayaƙi, tana auna sauran iskar oksijin da ta fito ba ta ƙone ba, kamfanin Volvo na Suwidin kuma ya fara sa ta a motocinsa. Zuwa farkon shekarun 1990 kafireto ya ɓace daga sababbin ƙananan motoci a Amurka da Yammacin Turai. Ma'anar wannan ita ce, Camry ko Golf 3 da aka shigo da ita ta Kwatano, wadda ta shekara ashirin da biyar tana aiki, fentinta ya koɗe, mu tsohuwa muke kiranta, amma a wannan mas'ala hukuncinta hukuncin sabuwa ne.

Mota mai injekta tana auna iskar da ta shigo, ta zuba mai daidai da ita, sa'an nan na'urar da ke bututun hayaƙi ta duba sakamakon ta ba kwamfuta labari, kwamfuta ta gyara in an yi ƙari ko ragi, ana maimaita wannan ba tsayawa muddin inji yana aiki. Irin wannan mota ba ruwanta da ko matata a buɗe take ko a toshe. Iskar da ta iso ita take yi wa lissafi. Kafireto kuwa ba shi da mai ba shi labari. Yana aiki ne da wata ɗabi'a ta iska wadda malaman Turai biyu, Bernoulli ɗan Suwizalan da Venturi ɗan Italiya, suka bayyana tun ƙarni na 18, wato cewa idan iska ta ratsa wuri mai ƙunci gudunta yakan ƙaru, matsinta ya ragu; sai aka yi wa bututun kafireto wuya siriri, aka sa 'yar kafar fetur, wadda kanikawa ke kira jet, a daidai wurin, ta yadda iska mai wucewa za ta tsotso mai da kanta. Dabara ce mai ban sha'awa, amma makauniya ce, domin duk abin da ya ƙara tsotso a wurin zai ƙara mai, ko iska ta ƙaru ko ba ta ƙaru ba. Duk wanda ya taɓa jan cok da sanyin asuba ya yi amfani da wannan makanta da gangan: ya toshe bakin kafireto don a sami iska kaɗan da mai da yawa, inji mai sanyi ya tashi. Matatar da ƙura ta toshe kuwa cok ce da aka ja rabi aka manta da ita, shi ya sa za ka ga motar tana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, tanki yana ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Masu ƙera kafireto na baya-bayan nan sun rage wannan illa ta hanyar buɗe wa ɗan kofin fetur kafar shan iska daga cikin akwatin matata maimakon daga waje, amma ba su kawar da ita ɗungurungum ba.

Duk wannan bayani na hankali ne, hankali kuwa yakan yi kuskure, shi ya sa ake neman jarrabawa. A shekarar 2009 wasu masu bincike uku, Kevin Norman da Shean Huff da Brian West, na cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge a jihar Tenesi, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi musamman don tahƙiƙin wata magana da ta daɗe tana yawo, har gwamnati da kanta tana maimaita ta, cewa canja toshasshiyar matata yana iya rage shan mai da kashi 10 cikin 100. Suka ɗauki motoci uku masu injekta, Toyota Camry ta 2003 da Dodge Charger ta 2006 da Buick Lucerne ta 2007, suka haɗa da wata tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireto da ƙaton inji mai silinda takwas, suka ɗora kowace a kan gangunan ƙarfe masu juyawa a cikin ɗakin gwaji, inda babu iskar hanya, babu go-sulo, babu bambancin halin direba, suka tuƙa su da tsabtatacciyar matata, sa'an nan suka toshe matatar da gangan suka sake tuƙawa. A motocin nan uku masu injekta ba a ga wani bambanci a shan mai da za a iya dogara da shi ba, duk da tsananin toshewar. Abin da ya ragu shi ne ƙarfin fizga, domin da tsabtatacciyar matata sun fi saurin ɗaukar gudu da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. Pontiac ɗin ce kaɗai ta nuna bambanci a mai: kashi 2 zuwa 6 cikin 100 idan toshewar irin wadda aka saba gani ce a lokacin canji, har zuwa kashi 14 idan ta yi munin da motar ma ba ta tuƙuwa sosai. Bayan wannan gwaji gwamnatin ta gyara shawarar da take ba masu motoci.

Mai lura zai ce ai wannan gwaji tsakanin toshasshiya da tsabtatacciya aka yi shi, ba tsakanin takarda da auduga ba. Gaskiya ne, amma a nan ne hujjar ta fi ƙarfi, ta hanyar da malaman usulu ke kira ƙiyasi na aula: idan babbar tazarar da ke tsakanin matatar da aka shaƙe da wadda take sabuwa ba ta motsa shan man mota mai injekta ba, to 'yar ƙaramar tazarar da ke tsakanin sabuwar takarda da sabuwar auduga ta fi cancantar ta kasa motsa shi. Ga mai kafireto kuma, ribar da aka gani ribar tsabta ce, kuma matatar takarda ta 'yan kuɗi kaɗan daga Ƙofar Ruwa ko Panteka tana kawo ta cikakkiya. Iyakar abin da zan yarda da shi ga masu da'awa shi ne, a wasu tsofaffin kafireto, musamman na babura, matatar da ta fi ta asali sakin iska takan sa man da ke cikin haɗin ya ɗan yi ƙaranci, wanda a kan takarda ragin shan mai ne. Sai dai injin da aka ƙaranta wa mai fiye da yadda aka tsara shi yakan yi zafi, ya riƙa shiɗewa idan an taka shi, ya ƙona bawul a kwana a tashi, maganin da kanikawa ke yi masa kuwa shi ne su sa jet mai faɗi, su mayar da man da aka ce an rage.

To, me ya sa ake samun direbobi, mutanen kirki waɗanda ba su da wata riba a yin ƙarya, suna shaidar cewa sun sa ta sun ga canji? Ni ban tuhume su ba, na tuhumi ma'auninsu. Mafi yawansu ba su cire tsabtatacciyar takarda suka sa auduga ba. Sun cire wata matata ce da ta shekara ba a duba ta ba, wadda idan aka buga ta da ƙasa sai an kauce wa ƙura, kuma galibi a ranar ne aka yi wa motar sabis, aka canja fulogi da baƙin mai, aka wanke kafireto, sai baƙuwar da aka kashe wa kuɗi ta kwashe ladan duka. Sa'an nan mutum idan ya sayi abu don rage shan mai, yakan shafe mako biyu yana lallaɓa totur yana kallon allurar tanki, wannan lallaɓawa kuwa ita kaɗai ta isa ta kawo ragin da ya fi duk abin da matata za ta iya. A kan wannan kuma ga al'adarmu ta sayen mai: ɗan haya ba ya cewa a zuba masa lita kaza, cewa yake a zuba na dubu goma, yau a gidan mai, gobe a wajen 'yan bumburutu da galan, farashi yana hawa yana sauka, lodi yau ya yi nauyi gobe ba fasinja. Wanda ke auna shan mai da naira a irin wannan hali, bambancin kashi uku cikin ɗari ba zai taɓa bayyana gare shi ba, ko akwai shi ko babu, sai dai ya ga abin da zuciyarsa ta riga ta so gani. Ƙarar inji ma tana taimakawa, domin matatar auduga, musamman mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a fili bayan an cire akwati, tana sakin wani gurnani mai daɗin ji idan an taka, kunne kuwa yakan fassara ƙara da ƙarfi.

Matatar nan tana da asali mai daraja, kuma sanin asalin yana warware rabin rikicin. Wasu Amurkawa biyu masu sana'ar babura da tserensu, Ken Johnson da Norm McDonald, waɗanda haruffan farko na sunayensu suka zama sunan kamfanin K&N a Kalifoniya, su ne suka yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1960, don amfanin masu tsere a cikin ƙura. Mai tsere totur ɗinsa a ƙasa yake yawancin lokaci, wato faifan nan a buɗe yake gaba ɗaya, a wannan hali kaɗai ne matata ke zama ita ce mafi ƙuncin hanya, sai sakinta ya ƙara wa inji ɗan ƙarfi. Amma ƙarfin nan daga ina ya fito? Daga ƙarin iska da ƙarin man da ya biyo ta. Mai tsere ƙarfi yake saye da mai, yana sane, bai damu ba, kuma injinsa ana kwance shi a sake ɗaurawa bayan 'yan tsere kaɗan. Ɗaukar hukuncinsa a ɗora wa mai tasi da ke neman abin cefane, wanda yake fatan injinsa ya kai shi shekara biyar ba a sauke ba, ƙiyasi ne tsakanin abubuwa biyu da illarsu ba ɗaya ba ce, irin wanda ɗalibin fiƙihu ma ba zai karɓa ba.

A nan ne maganar ta iso ƙasarmu, domin da a ce matatar auduga ba ta ƙara komai ba ta rage komai, da sai mu ce mai kuɗi ya sayi abin da ransa ke so. Amma matata ba don iska aka yi ta ba, don ƙura aka yi ta, mu kuwa Allah ya ajiye mu a bakin hanyar ƙura mafi girma a duniya. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda a dā can ƙasan wani babban tafki ne da Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne, masana kuma sun yi ittifaƙi cewa babu wuri guda a bayan ƙasa da ya kai shi tayar da ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso wannan ƙura ta bi da ita ta kan Nijar da Borno da ƙasar Hausa har bakin teku, ta haɗu da ta hanyoyinmu marasa kwalta, wadda mafi yawanta garin yashi ne, ƙwayar yashi kuwa ta fi ƙarfen silinda tauri. Duk wadda ta tsallake matata, sai ta cakuɗa da man da ke jikin silinda, fistin ya riƙa gurza ta sama da ƙasa sau dubbai a minti guda, tana cin ringi tana cin bango, har ranar da inji zai fara shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, shan fetur ɗinsa ya ƙaru, wato ainihin abin da aka sayi matatar don gudunsa.

Yadi mai shara-shara yana sakin iska ne saboda ƙofofinsa sun fi na takarda faɗi, kuma dogaronsa wajen kama ƙura a kan man da aka shafa masa yake. Kada adadi ya ruɗe ka idan an ce maka wannan tana kama kashi 99 cikin 100, waccan kuma, a misali, 97, ka ce ai kusan ɗaya ne. Abin da ke kashe inji shi ne wanda ya wuce, na farko ɗaya ya wuce, na biyu uku, ninki uku ke nan. Wani abin mamaki game da takarda shi ne, idan ta ɗan ɗauki ƙura takan ƙara iya tacewa, domin ƙurar farko tana cike manyan ƙofofi. Ita kuwa ta auduga sai an wanke ta da sabulunta na musamman, a bar ta ta bushe da kanta, a shafa mata manta na musamman daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. A gareji na bakin hanya, yaron bakanike da fetur zai wanke ta, ya hura mata iskar mai faci har zaren ya buɗe, in ya tuna ya shafa mata baƙin mai. In man ya yi kaɗan ƙura ta wuce, in ya yi yawa kuma, a motar da ke da siririyar waya mai zafi da ke auna iska a bayan matata, sai ya fantsama a kan wayar ya ɓata mata lissafi, har kamfanin General Motors ya taɓa aika wa dillalansa takardar gargaɗi a kan haka a 2004, ko da yake masu yin matatar suna musun cewa laifin kayansu ne. Mai siffar mazurari kuwa tana da nata ƙarin aibi, domin akwatin asali daga waje yake jawo iska, ita kuwa a cikin ɗakin inji take zaune tana zuƙar iskar da lagireto ya riga ya dafa, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kaurin iska da kimanin kashi 3 cikin 100, wanda a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya isa ya cinye ɗan ƙarfin da aka samu.

Dattawan direbobi za su tuna cewa akwai lokacin da Volkswagen da Land Rover suke zuwa da wata irin matata mai tasar mai a ƙasanta, inda iska ke sauka da gudu ta yi kwana a kan man, ƙura mai nauyi ta faɗa ciki, sauran ta maƙale a ragar da man ya jiƙa. Ba a sayen sabuwa, sai dai a zubar da laka a sake mai, kuma a ƙasa mai nisa da kantin kayan gyara wannan falala ce babba. An bar ta ne saboda takarda ta fi ta kama siririyar ƙura, musamman idan inji yana tafiya a hankali, ta kuma fi sauƙin hidima. Manyan motocin gas na dā su ma hukuncinsu daban ne kaɗan, da yake ba su da faifan da ke tare iska, famfonsu kuma yana zuba mai ne ba tare da ya tambayi iska ba, shi ya sa tirela mai toshasshiyar matata take turnuƙe hanya da hayaƙi a kan hawa. Maganinta ita ma tsabtatacciyar matata ce irin tata.

Wanda man motarsa ya dame shi da gaske, akwai wuraren da ya fi kyautuwa ya fara leƙawa. Kanikawanmu sun saba cire wani ɗan bawul da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi, suna cewa na ƙasar sanyi ne, su kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. A mota mai injekta wannan yana sa kwamfuta ta ɗauka cewa inji bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Na'urar nan ta bututun hayaƙi idan ta mutu, ko aka yanke wayarta wajen walda salansa, kwamfuta ta rasa mai ba ta labari, hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa gyara irin wannan babbar matsala yana iya kyautata shan mai har da kashi 40 cikin 100. Tayar da iskarta ta ragu tana cin nata rabon a ɓoye, gudun da ya wuce kilomita 80 ko 90 a awa kuma yana cin wanda ya fi haka a bayyane, tun da turjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu.

Ita kuwa matatar takarda, a lokacin hunturu kada a jira adadin kilomitar da littafin mota ya ambata, domin an rubuta shi ne don hanyoyin da ba namu ba. A buɗe akwati a duba a kai a kai, a ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsa ninkinta a canja, in an ga huda ko robar gefenta ta saki a canja ko da fara ce fes, a kuma tabbata murfin ya zauna daram, domin ƙurar da ta bi ta gefe ba ta san darajar matata ba. Wanda kuma har yanzu yake son ya jarraba ta auduga da kansa, sharaɗin jarrabawar shi ne ya fara sa sabuwar takarda, ya cika tanki har baki a famfo guda, ya rubuta lambar kilomita, ya yi aikinsa yadda ya saba, ya koma famfon ya sake cikawa, ya raba kilomitar da ya yi da litar da ta shiga, ya maimaita haka tanki huɗu ko biyar, sa'an nan ya sa ta audugar ya sake yin daidai wannan a kan hanya guda da lodi iri guda, ba tare da ya taɓa fulogi ko kafireto ko iskar taya a tsakani ba.